Dabbobin Bangon Alƙali

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ƴan biyu. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon ƙafar nan da kike ɓoye mana, ya raya mana zuri'a baki ɗaya. Mu ma nan alhamdu lillahi. Umma tana nan garau, sai dai har yanzu ta ƙi saka tabaran da likita ya ba ta, wai yana tsufar da ita. Goggo ta warware daga zazzaɓin, har ta koma faɗa da ƴan haya, kin ga kuwa lafiya ta samu.

Da gangan na ɗauki biro na bar waya. In na kira ki, kafin in kai tsakiyar magana kin tare ni da dariya kin ce na cika mita, ni ma in biye miki, mu rabu ban faɗi abin da ke raina ba. Yau kam sai kin ji ni har ƙarshe, don raina a ɓace yake da ke, da kuma abokin ƙulle-ƙullenki, maigidana Baban yara.

Tun ƴata Auta tana goye kika yi nisa da mu, saboda haka labarin gidan nan a baki kike jin sa, ba ki gani da idonki ba. Ke kika raɗa wa babban ɗana suna Alƙali, don yadda yake zama gaban faranti yana nazarinsa kafin ya yanke hukunci, kuma har gobe bai sauka daga kujerar ba. Abincinsa a duniya farar taliya ce, ba miya ba mai, sai farin ƙwai da ayabar da ba ta da tabo ko ɗaya. In ƙwan ya taɓa taliyar, an tashi shari'a. Ƙarar injin markaɗe tana tura shi ƙarƙashin tebur, magana kuwa sai a wuni bai furta kalma ba. Ita kuma Auta, alkama ce ba ta shiri da cikinta. Ko ɓurɓushin fulawa ya shiga abincinta, cikin zai kumbura ta yi ta murƙususu. Wato abin da ke riƙe da ran wan, shi ne ke kwantar da ƙanwar. Shi ya sa komai na kicin ɗina biyu ne: tukunya biyu, kwandon tsame abinci biyu, ludayi biyu, har soson wanke-wanke. Wanda ya shigo sai ya ɗauka gida biyu nake yi wa girki.

Kin tuna ranar da muke hira ta bidiyo kika hango ɗan lungun da ke tsakanin kicin da falo, inda ƙaramin teburinsa yake fuskantar bango? Kika ce wannan bango mai ruwan toka kamar na ɗakin ajiya yake, yaro yana buƙatar launi ya buɗe masa ido. Na ce miki ki bar bangon nan yadda yake. Na faɗa miki sai da muka zagaye gidan nan kaf, daga falo zuwa ɗakin kwana zuwa baranda, kafin muka gano cewa nan ne kawai yake iya zama ya ci, saboda babu abin da ke gabansa. Kika ce to, da irin "to" ɗin nan taki da na sani tun muna yara. Ashe ina kashe waya kika kira Baban yara.

Shi kuma bawan Allah, in Yaya ta yi magana jikinsa har rawa yake. Shi ya kawo shawarar in kai yara wajen Umma mu yi ƙarshen mako, wai in huta. Har na yi ta sa masa albarka a mota, ina cewa Allah ya ba ni miji mai tausayi. Muna dawowa ya tare mu a ƙofa bakinsa har kunne, hannun rigarsa da ɗigon fenti, ya ja mu zuwa lungun. Yaya, na ga abin da kika tura wa mai fenti. Zaki, giwa, biri a kan reshe, da raƙumin dawa wanda wuyansa ya kai silin. Ba zan yi ƙarya ba, aikin ya yi kyau, Auta har tsalle ta yi ta sumbaci giwar. Alƙali kuwa ya tsaya turus, ya sunkuyar da kai, ya juya ya shige ƙarƙashin gado. Tun daga ranar ya daina cin abinci.

Ba wai ya rage ba, dainawa ya yi. Ruwa kawai, sai ɗan gutsuren ayaba in na yi sa'a. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yunwar tana cin sa, ina gani. Lokacin abinci yana yi zai zo bakin lungun ya tsaya, idonsa a ƙasa, yana murza gefen rigarsa, ya kasa shiga kuma ya kasa tafiya. Na ɗauke teburin na kai falo, ya ƙi. Na kai ɗakinsu, ya ƙi, dole na mayar da shi inda yake. Lungunsa yake so, lungun kuma an cika masa shi da baƙi. Na rataya zanen gado na rufe bangon, iska ta kaɗa zanen, ya ƙwalla ƙarar da har maƙwabciya ta leƙo.

Nan fa kowa ya zama likita. Umma ta ce a ƙyale shi, yunwa za ta koya masa hankali, mu ai ba a lallashe mu ba. Maƙwabciya ta ce in barbaɗa sukari a taliyar. Baban yara ya ce warin fenti ne, ya je ya kinkimo wata fanka mai ƙara kamar injin niƙa ya kafa a lungun, yaron ya toshe kunnuwa ya gudu. Ke kuma kika aiko saƙon murya kina tambaya ko ya fara kiran sunayen dabbobin. Na saurara ina tsaye da farantin da aka dawo mini da shi ba a taɓa ba. Allah ne ya taimake ki da ban amsa a lokacin ba.

Da na ga wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu, na kai shi wajen likitarsa. Ta ɗora shi a ma'auni, ta duba, ta ɗago ta dube ni ba fara'a. Ta ce dama can nauyinsa a bakin iyaka yake, in muka koma awo na gaba bai farfaɗo ba, za ta kwantar da shi a saka masa robar abinci ta hanci. Yaya, yaron da ɗan ƙyallen da ke bayan wuyan riga yake hana shi sakat sai na yanke, shi za a danne a zura wa roba. A mota na yi kukana na share, na dawo gida na buɗe wa Baban yara wuta, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce a mayar mini da bangona. Ya yi tsuru-tsuru, ya ce mai fentin ya karɓi wani aiki sai ya gama, kuma ba ya so Yaya ta ji babu daɗi. Na ce masa to ya kira Yayar ta zo ta riƙe masa hannun yaron a asibiti.

Ana cikin haka wata safiya na shiga kicin zan haɗa wa Auta abincin makaranta. Yadda nake bambanta kayanta shi ne jan salatif irin na masu gyaran wuta, kowane abu nata na naɗa masa a mariƙi, don tukwanen iri ɗaya ne. Na miƙa hannu, babu ja a tukunya. Na duba ludayi, babu. Kwando, cokula, katakon yanka, duk an ɓare. Komai ya cakuɗe, ban san wanda ya taɓa taliya da wanda bai taɓa ba, ga yarinya a tsaye da jaka a baya tana jiran abinci. Na tabbatar wa kaina Baban yara ne, wata sabuwar ƙawa ce kuka ƙulla, wataƙila kin ce salatif ɗin yana munanta kicin. Na fito da ludayi a hannu ina neman sa, ina faɗin yaro ɗaya bai ishe ku ba sai kun haɗa da ɗayar.

A bakin lungun na same shi a tsaye, ya ɗaga mini hannu alamar in yi shiru. Na leƙa. Alƙali yana tsaye a kan ƴar kujerarsa. Zaki an rufe masa ido da jan salatif, giwa ma haka, biri ma haka, kowane ido an manne shi tsaf, babu inda ya karkace. Ashe duk wannan wahala ba launin ba ne, ba warin fenti ba ne. Kallon sa suke yi. Mai fenti ya zana musu manyan idanu, yaron da ko ni uwarsa ba ya iya haɗa ido da ni, an sa masa dabbobin daji sun zuba masa ido yana cin abinci. Mu manya muna ta surutu, shi ya je ya nemo abin da zai gyara.

Raƙumin dawa ne kawai ya rage, Alƙali ya yi ɗage har ƙafarsa tana rawa bai kai ba. Kin san ba ya zuwa wajen babansa, muryarsa ta yi masa ƙarfi, turarensa ma haka, kuma abin yana damun mutumin ko da ba ya faɗa. Sai ga shi ya sauko daga kujerar, ya tako, ya kama gefen rigar uban ya ja shi har gaban bangon. Ya ɗora masa guntun salatif na ƙarshe a tafin hannu, idonsa a ƙasa, ya ce, "Rufe."

Baban yara ya miƙa hannu ya rufe. Sai dai ya manna a karkace, yaron ya ƙi sakin rigar sai da ya ɓare ya daidaita. Sannan Alƙali ya ja kujerarsa ya zauna, ya fuskanci bangon, ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur yadda yake yi in yana jiran abinci. Na koma kicin da gudu na ɗora taliya a tukunyar da hannuna ya fara kaiwa, ina juyawa ina share hawaye da gefen ɗankwali. Ya duba farantin ya daɗe, ya juya shi, ya ɗauki cokali. Ya cinye tas, ya miƙo a ƙara. Uban yana zaune a ƙasa a bayansa, ya kasa tafiya wajen aiki.

Auta da ayaba da dafaffen ƙwai ta tafi makaranta ranar, kayan girkinta kuma na katako da kwandon duk sai na sauya, sauran na dirje su har yatsuna suka yi kanta. Awon likita yana nan gaba, ki taya mu da addu'a, amma yana ci, kuma wandon ya fara zama. Mun ce wa mai fenti ya yi zamansa. Dabbobinki suna nan, makafi ne dai, kuma haka za su zauna har sai mai lungun ya ce a buɗe. Na san ƙauna ce ta sa ki, ban taɓa shakka ba. Amma don Allah, Yaya, duk abin da ya faɗo miki a rai game da yaran nan, ni za ki fara tambaya, in na ce a'a kuma ki yarda na san dalili.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa mini kan ƴan biyu, ki ce ƙanwar mamansu tana kewarsu. Umma da Goggo suna gaishe ki. Auta ta ce a faɗa miki giwar tata ce. Baban yara ma yana gaisuwa, da murya ƙasa-ƙasa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman Alƙali