Tohon da Ya Fito a Jere

Litinin, 8 ga Afrilu

Mako guda da fara aiki, yau Maigida Nakahira ya ba ni wuri nawa na kaina: gangaren da ke bayan gidan yinin tsofaffi, inda itadori, wani tsiro mai kara da saiwa mai yaɗuwa, ya fasa kwalta ya ɗaga hanyar da ake tura keken guragu. Kamfaninmu na kashe ciyawa ya yi masa feshi a Oktoban bara. Aikina bana shi ne in tsare shi kada kowa ya taɓa, ya yi tsayi ya yi ganye, sannan in Oktoba ya zo in bi karan ɗaya bayan ɗaya da allurar magani, lokacin da tsiron ke janye abincinsa zuwa saiwa. In an karye shi yanzu, babu karan da za a yi wa allura.

Manajar gidan, Takechi-san, ta ce mutanen unguwar suna tsinkar tohon su kai gida su soya, kamar yadda kowa ke yi a nan Kochi. Ta ce ranar da cikin wani ya murɗa saboda maganinmu, ranar za ta nemi wani kamfani. A mota Maigida ya ce, “Kin dai ji. In wurin nan ya suɓuce, ban san abin da zan ba ki ki yi ba.” Dariya yake yi da ya faɗa. Ban sani ba ko wasa ne.

Talata, 9 ga Afrilu

Na zagaye gangaren da igiya, na kafa allo: an yi feshi, ba a ci. Harufa manya. Na sake dubawa ko akwai kuskuren rubutu. Babu.

Alhamis, 11 ga Afrilu

An tsinka. Ba yankan lauje ba ne, karyawar hannu ce, daidai kan gaɓa. Igiyar tana nan yadda na ɗaure ta. Allon kuma wani ya goge lakar da ke jikinsa.

Talata, 16 ga Afrilu

Na kama ta. Tsohuwa ce ƙarama, bayanta a rusune, da hular rana da kwando. Ta ɗaga igiyata da sanda ta shige ta ƙasa kamar labulen ɗakinta. Sunanta Kumon Tatsue, gidanta ne wanda ke gindin gangaren, kuma tana zuwa gidan yinin Talata da Juma’a.

Na gaishe ta yadda ya kamata, na rusuna, na nuna mata allon. Ta ce ta karanta, rubutuna yana da kyau. Na yi mata bayanin maganin, da sunansa, da cewa ba a yarda a yi amfani da shi a kan abin ci ba. Tana saurare tana karya wani tohon, ji kake ɓas.

“’Yar nan, tun kafin a haifi uwarki nake cin abin nan,” in ji ta. “Dube ni. Na yi miki kama da wadda ta mutu?”

Na ce, Kaka, ba a yi feshi ba a wancan lokacin. Ta ce ai ana ɓare ɓawon, a jiƙa shi kwana guda. Na ce jiƙawa tsami take cirewa, ba magani ba. Ta tambaye ni ko na yi karin safe, don fuskata ta yi fari.

Ta tafi da kwandonta. Ya zan yi, in ƙwace?

Laraba, 17 ga Afrilu

Duk unguwar yanzu Malama Guba suke kirana. Har direban motar da ke ɗauko tsofaffin.

Litinin, 22 ga Afrilu

Bari in rubuta yadda abin ya faru.

Da rana Uwargida Nakahira, wadda ke riƙe mana ofis, ta ajiye kwano a tsakiyar tebur. Soyayyen itadori da mai da ɗan sukari da garin busasshen kifi. Ta ce ta tarar da shi a rataye a ƙofar ofis cikin leda, babu suna, kamar yadda maƙwabta kan yi. Na ci. Na ƙara. Yana da garɗi, yana ƙara a haƙori, irin na kakata ta wajen uwa. Har na ce rabona da irin wannan tun ina firamare.

Sai Uwargida ta juya kwanon za ta wanke. A gindinsa an rubuta Kumon.

Na shiga banɗaki na karanta takardar maganin tun daga sama har ƙasa. Na kira layin da ake tambayar guba. Matar ta tambayi yawan abin da na ci da lokacin da aka yi feshin, ta ce in sha ruwa in lura da jikina, da wuya wani abu ya same ni. Da na fito Maigida yana sakace, ya kira ni da sunana. Ya ce, “Okabayashi, in kin riga mu mutuwa, ki bar mabuɗin mota a kan tebur.”

Babu abin da ya same ni. Wannan ma ya ƙara ba ni haushi, don gobe Kaka Tatsue za ta tambaya.

Talata, 23 ga Afrilu

Ta tambaya. “Gishirin ya yi?”

Laraba, 24 ga Afrilu

Wani abu bai yi daidai ba, kuma tun jiya yake damuna. Itadorin da ya sha magani ba ya fitowa da ƙiba. Tohonsa a tsumbure yake, ganyen ƙanana a cure wuri ɗaya. Abin da muka ci kuwa kauri ne da shi kamar babban yatsa.

Na koma na durƙusa na duba. Na tsumburen suna warwatse ko’ina, inda saiwar ta ga dama. Masu ƙibar suna can gefe ɗaya, ta wajen gidanta. A jere. Tazara ɗaya tsakaninsu. Da ƙaiƙayin shinkafa a gindin kowanne.

Shuka shi ake yi. Muna kashewa, ana shukawa.

Juma’a, 26 ga Afrilu

Ban so in yi maganar a gaban sauran tsofaffin ba, sai na same ta a gida. Ba ta ma musa ba. Ta zuba min shayi ta ce tun da gwiwa ta hana ta hawa dutse, marigayi mijinta Tokuji ya sauko mata da saiwa ya dasa a nan, lokacin gangaren gonarsu ce. Daga baya aka sayar, aka gina gidan yinin. Da ta ga mun ƙone na bara, sai ta sa aka kawo mata sabuwa a watan Maris.

“Ƙasa aka sayar,” in ji ta. “Ban ji an ce har da itadorin ba.”

Na ce to, Kaka, me ya hana ki dasa a tsakar gidanki? Ta dube ni kamar na yi shirme.

“Ya fasa min daɓe?”

Ashe ta sani. Ta san komai. Na faɗa mata cewa guntun saiwa kamar farce ya isa ya zama sabon tsiro, cewa tana nutsewa fiye da tsayin mutum, ta bi ta ƙarƙashin kwalta, cewa hanyar da ya ɗaga ita ce ake tura ƙawayenta a kai, kuma ita ma wata rana. Wannan na ƙarshen da ban faɗa ba. Amma gaskiya ne. Ta turo min farantin alewa.

Alhamis, 2 ga Mayu

Na haƙe layin nata. Takechi-san ce ta ce a yi, Maigida ya yarda, ni ma ra’ayina ke nan. Sabuwar dasa ce, ba ta yi nisa ba. Na tankaɗe ƙasar da rariya, duk guntu na sa a buhu na ɗaure za a kai a ƙone.

Kaka ta fito da kujera ta zauna a ƙofar gida tana kallo. Na yi ta jira ta ce Malama Guba. Ba ta ce ba. Da na gama ta ce sannu da aiki, ta ɗauki kujerarta ta shiga.

Aikin ya yi kyau. Babu abin da na bari.

Talata, 7 ga Mayu

Babu wanda ya taɓa gangaren. Takechi-san ta yaba wa Maigida a waya.

Juma’a, 10 ga Mayu

Takechi-san ta ce Kaka Tatsue ba ta zo ba Talata, yau ma ba ta zo ba. Wai ta ce wa direba kunyar shiga take ji, kowa ya san ita ce ta fasa hanya. Kuma duk shekara ita ke kawo musu itadorin gishiri, bana da me za ta shiga.

Ba aikina ba ne. An ɗauke ni in kashe tsiro, na karanta yadda ake kashe shi, ina kashewa. Babu inda aka koya mana wannan.

A bayan rumbun kayanmu akwai tsohon bahon wanka na ƙarfe, irin wanda manoma ke tara ruwa a ciki. Na duba shi. Ba shi da tsaga. Dubawa kawai na yi.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na ari a-kori-kurar ofis. Maigida ya ce, “Kamfanin kashe ciyawa zai shuka ciyawa. Ki rufe sunanmu da ke jikin motar.” Amma shi ya taya ni ɗaga bahon.

Mun ɗora shi a kan bulo a tsakar gidan Kaka Tatsue, yadda za a iya leƙa ƙarƙashinsa, na toshe mafitar ruwan da ragar ƙarfe ninki biyu. Ta ce a cikin abin wanka za ta ci abinci? Na ce na wanke shi. Ta ce Tokuji da zai gani da ya yi dariya har ya faɗi.

Sai muka hau dutse neman saiwar da za a dasa a bahon, wajen ɗan filin danginsu. Ita tana zaune a mota da gilashi a sauke, ni ina cikin kwari da shebur. Ba wannan ba. Wancan, mai jan gindi. Ke ba ki san mai daɗi ba? Na ce a littafi duk iri ɗaya ne. Ta ce to ki ci littafin. Na zame na zauna a laka, ta yi dariya har da tari.

Sharuɗɗa na gindaya mata, kuma na sa ta maimaita. Ba za ta ba kowa saiwa ba. Fure yana fitowa za a yanke kafin ya yi iri. Ɓawon da ta ɓare ba a zubar da shi a kan gangare. Ta ce na fi likitanta surutu.

Talata, 14 ga Mayu

Ta je gidan yinin. Direba ya ce ta ba kowa labarin yadda Malama Guba ta faɗi a laka. Wai har da kwaikwayo.

Laraba, 9 ga Oktoba

An gama allura, kara bayan kara, bayana kamar zai karye. Maigida ya ce wurin nawa ne har itadorin ya mutu, ya tambaya yaushe za a zuba kwalta. Na ce ba bana ba, baɗi ma sai mun ga abin da ya fito. Ya ce ke dai ba kya taɓa faɗin abin da mutum ke son ji.

Kaka ta tsaya a bayan igiya duk yinin. A bayan igiyar, ba ta shigo ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Gangaren ’yan tsumbure ne kawai, nan da can. Zai sake shan allura.

Na biya gidanta don in duba ƙarƙashin bahon. Babu saiwar da ta fita. Toho ya cika shi, jajaye, masu ƙiba. Tunda ina wurin, kuma yatsunta ba sa kama ɓawon sosai, na tsoma su a ruwan ɗumi na ɓare mata. Ta ce ina barin nama da yawa a jikin ɓawo, sai na ƙara shekara goma kafin in iya.

Ranar Laraba zan koma. Ragar tana buƙatar a sake dubawa, ƙarfe ne, yana iya tsatsa.

Kwanonta mai suna a gindi yana cikin jakata. Ta ce kada in kuskura in dawo da shi da alewar kanti a ciki, fanko take so, za a zuba wani abu.