Rabin Awar Litinin

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Na fara maganin ƙashin da likitan Katsina ya rubuta mini. Ya ce ƙasusuwana sun zaizaye, ƙaramar faɗuwa za ta iya karya mini ƙugu. Na san abin da yake nufi. Yaya Saude shekara biyu ke nan tana kwance a Zakka, daga zamewa a bakin rijiya. Ƙwaya ɗaya ce duk mako, kafin a ci komai. Na haɗiye ta da assalatu don kada in manta, na yi sallah, na koma na kwanta.

Litinin, 13 ga Mayu

Ƙwannafi! Daga ƙirji har maƙogwaro kamar na sha ruwan barkono. Koko ma ya ƙi wucewa.

Litinin, 27 ga Mayu

Mako biyu ban sha ba. Na ɓoye katin maganin a cikin buhun gero, ban gaya wa Malam Barau ba. Shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa ɓoye masa abu ba sai wannan. Amma tsoro nake ji. Duk sanda na tsallake kwata sai Yaya Saude ta faɗo mini a rai.

Alhamis, 30 ga Mayu

Malam ya je ɗibar gero ya ci karo da katin. Bai yi faɗa ba, ya kai ni asibitin gari a babur, tunda Katsina yanzu ga tsadar mota ga hanya ba lafiya. Wa zan tarar? Dije, wadda na koyar a aji huɗu, yanzu ita ce nas. Ta tambaye ni yadda nake sha, na lissafa mata, ta riƙe baki.

"Malama, ruku'u da sujada, sannan kwanciya? Ai ke kike dawo da shi sama!"

Wai in yi sallah tukuna, sannan in sha da kofi cike da ruwa, in zauna a miƙe rabin awa, ban da sunkuyo, ban da kwanciya. In rage yaji, in ci tuwon dare da wuri. Idan ƙwannafin bai daina ba in dawo. Likita ma ya faɗi haka, ina jin. Ni da nake ranƙwashin yara kan rashin saurare!

Litinin, 3 ga Yuni

Na bi ƙa'ida, shiru kake ji. Sai dai tsakar gida ga kashin awaki, ni kuwa ban iya ganin datti in zauna. Na ɗauki tsintsiya zan sunkuya, Malam ya fizge ta. Ya rufe ƙofar zaure ya yi sharar da kansa. Shara dai ta Allah-sarki.

Litinin, 24 ga Yuni

Yau aka yi ta. Minti goma da shan magani sai ga Baba Mani, ƙanen mahaifin Malam, daga Darini. Tun ina amarya nake durƙusa masa har ƙasa in sunkuyar da kai. Yau ina kan kujera ƙiƙam na gaishe shi. Ya dube ni ya dubi Malam.

"Barau, boko ne ya motsa bayan tsufa?"

Kunya kamar in nutse, amma ban motsa ba. Da lokaci ya cika na sauka na gaishe shi yadda aka saba, na yi masa bayani. Ya ce gara kujera da tabarmar jinya, ya sa mini albarka. Wallahi na ji daɗin kaina.

Litinin, 19 ga Agusta

Mako goma sha biyu a jere, ko ɗaya ban tsallake ba, ƙwannafi sau ɗaya tak, ranar da na ci kilishi. Dije ta ce na ci jarrabawa. Na aika wa Yaya Saude labari, ta ce in riƙe da kyau.

Laraba, 21 ga Agusta

Bayan sallah na sha ruwa na zauna kan kujerar, haka kawai. Iska mai daɗi, masara ta yi kore a bayan katanga. Ban tuna ranar da na taɓa zama hannu rabbana da safe ba. Malam ya fito ya gan ni, ya rufe zaure, ya ɗauki tsintsiya. Na buɗe baki zan ce masa yau Laraba ce, sai na nuna masa lungun da ya bari.