Bargon Zannuwan Inna

Titiwangsa, Kuala Lumpur
3 ga Maris

Yaya Hussaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya yara, ya ƙarin haƙurinmu? Malam Haliru ya dawo daga hutu ya kawo min saƙonki, zannuwan Inna guda shida cif. Ina buɗe ledar ƙamshin turarenta ya buge ni, sai da na nemi wuri na zauna.

Yaya, zan faɗa miki wani abu, ki yi haƙuri tun kafin ki karanta. Ban ɗaura su ba, yanka su na yi. A Brickfields, unguwar Indiyawa, akwai wata dattijuwa mai koyar da ɗinkin bargo a shagonta. A yayyanka yadi a harhaɗa, a sa auduga a tsakiya, a shimfiɗa wani yadin a ƙasa, sannan a ɗinke su tare. Kekenta ya kai tsawon soron gidanmu. Miƙe bargon ake yi a kan ƙarafa, ke kuma ki riƙe kan keken kina yawo da shi a tsaye.

Don 'yata Kausar nake yi. Shekararta huɗu, ba ta taɓa ganin kakarta ba, in na yi mata Hausa sai ta amsa min da "boleh", wato "to" da yaren ƙasar nan. Ina so ko barci ne ta yi a cikin kayan Inna. Na san uku daga ciki rabonki ne kika bar min, shi ya sa gabana ke faɗuwa.

Ki gaida mutanen gida.
Ƙanwarki,
Walida

Gwammaja, Kano
19 ga Maris

Walida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Na ba Surayya, da za ta koma karatu Kuala Lumpur, wannan takarda ta taho miki da ita, don in na kira ki a waya masifa kawai zan yi.

Almakashi kika sa wa zannuwan Inna? Har da koriyar atamfar da ta ɗaura ranar walimar saukarki? Kwana biyu na yi ban ci abincin kirki ba. Shekara biyar ba ki taka Kano ba, jinyarta ba ki gani ba, jana'iza a waya kika ji, da karatu ya ba ki sarari kuma sai yanka.

To, an riga an yanka. Abu ɗaya zan tambaye ki: kina duba ƙasan ɗinkin? Kin manta Inna a kan kekenta na ƙafa a bakin rijiya? Ba ta ɗinka taki ɗaya ba ta ɗaga yadin ta shafa bayansa da ɗan yatsa ba. Ke kuwa tun kina yarinya garaje gare ki, saman kawai kike kallo, sau nawa ta buge miki hannu? Zannuwan nan sun sha wanki, ba za su ɗauki ɗinki sau biyu ba. In kika lalata su, babu wasu.

Allah ya ba da sa'ar karatu.
Yayarki,
Hussaina

Titiwangsa
28 ga Maris

Yaya,

Barka da war haka, da fatan kowa lafiya. Takardarki ta iso ni bayan na ɗinke rabin bargon.

Ina gama karantawa na hau jirgin ƙasa zuwa shagon. Daga sama ɗinkin ya yi kyau, wallahi har hoto na ɗauka. Na durƙusa na shiga ƙarƙashin ƙarafan, na haska da fitilar waya. Yaya, zare ne ya yi cunkus yana reto kamar taliyar Hausa a kan igiya. Ashe zaren sama ne ya saki tun layin farko. Tun farko matar ta ce min in riƙa leƙa ƙasan, na ce to, daɗin gudun keken ya ɗauke min hankali.

Ta ce in aka bar shi haka, wanki ɗaya zai zazzage, dole a warware. Na gwada taki ɗaya a kan koriyar atamfar, ta yage a hannuna. A nan ƙarƙashin keken na zauna na yi kuka, irin wanda ban samu na yi ba ranar rasuwar. Ina kewar Inna, ina kewar ƙarar kekenta da hantsi.

Ranar Asabar wata za ta hau keken, dole in sauke. In ci gaba da warwarewa ko in bari? Hoton wannan takarda zan turo miki ta waya don lokaci ya ƙure. Ki faɗa min, ko da zagi ne.

Taki,
Walida

Gwammaja
29 ga Maris

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ni ma wannan takarda hotonta na ɗauka na turo, ba ta jiran matafiyi.

Kada ki ƙara taɓa shi. Ki sauke, ki naɗe da zarensa. Ni zan warware da allura, zare ɗaya-ɗaya. Shekara uku ina wanke zannuwan nan Inna tana kwance, na san inda kowanne ya yi laushi.

Amma ba zan karɓa daga hannun Malam Haliru ba, ko wani ɗan saƙo. Ki kawo shi da kanki. Ke za ki riƙe min ɗaya gefen.

Sai na gan ku.
Yayarki,
Hussaina