Ciwon da Ban Yi Ba

Bonkuku, 9 ga Yuli

Zuwa ga ɗana Abdurrazak,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya baƙunta, ya zafin Yamai? Mu nan ruwa ya sauka sau uku, gero ya fara rufe ƙasa, kowa lafiya lau. Da gangan na ce lafiya lau, domin labari ya iso mini cewa ni kawunka ina kwance, rai a hannun Allah. Na kira ka har na gaji ba ka ɗauka ba, shi ya sa na koma ga takarda, na ba direban motar Yamai.

Akwai wani ruɗani da na daɗe ina gani ga yaran da na koyar. Suna ɗauka barin aiki cin amana ne, kuma zama gaban babba a ce masa za a tafi rashin kunya ne. Sai su sulale, suna ganin ladabi suka yi. Ban taɓa zaton ɗan ƙanwata zai fi su duka gwaninta ba.

Shekaranjiya ina gonata ta bayan lakwal, makarantar da nake shugabanta, ba riga, hauya a hannu, sai ga mota ta tsaya. Alhaji Na'Allah ne, maigidanka, wanda ka yi shekara huɗu kana yi wa allurar dabbobi a shagonsa na Filinge. Ya rufe shago, ya yi wannan tafiya da kwalbar zuma da zabi biyu, wai ya zo dubiya. Ashe ka ce masa hawan jini ya kayar da ni, rabin jiki ya mutu, kana neman sati biyu ka yi jinyata.

Ya dube ni, ya dubi hauyar, ya dubi faɗin abin da na nome. Sannan ya ɗaga hannu ya yi mini doguwar addu'a, Allah ya tashi kafaɗata, ya sa kaffara ne. Ni kuwa ina ta amin, zufa na zuba. Shekara talatin ina yi wa yara faɗa a kan ƙarya, sai ga ni tsaye cikin taka har wuya! Ya tambayi inda kake, na ce ba ka nan. Ya ajiye zumar da zabin, ya juya motarsa.

Uwarka ce ta fasa mini ƙwai daga baya: wani kamfanin maganin dabbobi ya ɗauke ka gwaji a Yamai. To madalla, wa zai ƙi ka da ci gaba? Amma ni na riƙe hannunka na kai ka wurin Alhaji, kuma a ƙasarmu wanda ya kai mutum aiki da shi ake zuwa sallama. Motar da ta kai ka Yamai ta gaban ƙofata ta wuce. Da ka sauka minti goma, da ban sha addu'ar da ba tawa ba.

Ka ba ni amsa. Ka gai da masu masaukinka.

Kawunka mai cikakkiyar lafiya,
Habibu

Bonkuku, 17 ga Yuli

Ɗana Abdurrazak,

Ina gaishe ka, ya aiki, ya haƙuri da birni? Uwarka tana gaishe ka. Ta kunna mini saƙon muryar da ka aiko mata, tunda ni har yanzu kana gudun muryata.

Kafin komai, ka san cewa ciwon da ka ɗora mini ya yi ƙafa. Liman ya zo, iyayen yara sun zo, wata tsohuwa daga Baleyara ta kawo mini saiwa in jiƙa. Jiya mataimakin sufeton makarantu ya bugo yana tambaya cikin dabara ko za a nemi wani darakta kafin komawa lakwal. Ka ga, kai ka samu aiki, ni ina shirin rasa nawa.

Na ji roƙonka. Kamfani ba zai ba ka kontara, wato yarjejeniyar aiki, ba sai ka kawo takardar shaidar aiki daga tsohon maigidanka kafin ƙarshen wata, saboda haka in je in karɓo maka, in ce har yanzu kana jinyata. Yaro, ka ji kanka kuwa? Mai shanyewar jiki ya hau mota ya je karɓo wa mai jinyarsa takarda?

Amma bari mu ajiye fushi mu auna abin tare, domin wannan shi ne aikina. Alhaji ba waliyyi ba ne. Yana da faɗa, abin da yake ba ka bai kai wahalarka ba, kuma ranar da ka tsufa ba wata kes ta fansho da za ta san da kai. Can akwai kontara a rubuce, akwai likita, akwai ƙarin karatu. Sai dai ka tambaye su abu biyu tun yanzu: gwajin nan wata nawa ne, kuma in bai yi ba, ina za ka koma? Hayar ɗaki a Yamai ba ta san kai ɗan wane ba ne. Duk da haka, da ni ne, da na tafi. Na faɗa maka da zuciya ɗaya, ka tafi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ka ce aikin da za su ba ka shi ne kai magani shagunan Baleyara da Filinge da sauran ƙasar Kurfai. Wa kake zaton masu shagunan nan ke tambaya kafin su karɓi kayan baƙo? Ƙofar da ka tsallake ta katanga, ita za su aike ka ka ƙwanƙwasa da jakarka.

Kuma ba shi kaɗai ka bari ba. Ka tafi da makullin babur ɗin shago, ka tafi da ɗan littafin nan da kake rubuta garken da aka yi wa allura da ranar da za a maimaita. Ibrah, makiyayin nan da yake ce maka dokta tun ba ka iya riƙe sirinji ba, ya zo shago sau biyu da tumakinsa. Alhaji bai san wadda aka yi wa da wadda ba a yi wa ba. Guda uku sun mutu. Ban ce kai ka kashe su ba, amma Ibrah bai san haka ba.

Ba zan karɓo maka takarda ba. Zan dai je Filinge don kaina, in wanke fuskata.

Naka,
Kawu Habibu

Bonkuku, 24 ga Yuli

Abdurrazak ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata wannan ta same ka lafiya, kuma a zaune, domin abin da ke ciki ba na ji a tsaye ba ne.

Na je. Na tarar da Alhaji tsugune yana duba bakin wani ɗan maraƙi, tabarau a kan hanci, yana masifa da dabbar da mai ita. Na faɗa masa gaskiya duka, ban rage ba. Ya bar ni na gama kame-kamena, sannan ya ce in zauna kada jinin ya sake hawa.

Tun watan Mayu ya sani. Kamfanin naka ya kira shi kafin ya kira ka, kamar yadda duk mai hankali ke yi in zai ɗauki ma'aikaci. Suka tambaye shi halinka. Ya ce musu hannunka na da sauƙi a jikin dabba, ba ka taɓa ɗaukar ko ƙwaya ɗaya ba tare da izini ba, makiyaya na son ka. Da suka nemi aibi, ya ce guda ɗaya ya sani: in magana ta yi nauyi, ba ka iya fito da ita. Wata biyu yana jiran ka buɗe baki. Ya ce har shayi ya riƙa zaunar da kai kuna sha bayan la'asar don ya sauƙaƙa maka, kai kuwa sai zancen tsadar dusa. Da ka zo da labarin ciwona, ya ce to, bari ya je ya gai da maras lafiya.

Kada ka yi murna tukuna. Ransa a ɓace yake, kuma batun tumakin Ibrah ya fi ƙaryar yi masa ciwo. Ya jawo aljihun tebur ya nuna mini takardar shaidarka, an buga ta tsaf, shekara huɗu ba a rage maka ko wata ɗaya ba. Babu sa hannu, babu hatimi. Ya ce ba zai sa ba don ni, ko don uwarka, ko don saƙon waya. Wanda aka rubuta sunansa a kai shi zai zo ya zauna a kan bencin nan. Sauran kwana bakwai wata ya ƙare.

Ga abin da za ka yi. Ka nemi izinin kwana biyu a kamfani, kuma don Allah ka faɗa musu dalilin gaskiya, kada ka kwantar da uwarka. Ka zo da makulli da littafi. Ka nuna wa Alhaji garken da ke jiran allura, ka yi masa alkawarin 'yan Asabar ɗin da za ka iya zuwa har ya samu wani, ba wanda ba za ka iya cikawa ba. Daga nan ka je rugar Ibrah da ƙafarka.

Zan jira ka a bakin hanya ranar Asabar mu wuce tare. Zan raka ka har ƙofar shago, amma a waje zan zauna. Maganar ba ta da tsawo: Alhaji, na samu wani aiki, na yi maka ƙarya, na zo neman gafara da sallama. Na san za ta yi maka nauyi. Ka rufe ɗaki yau ka faɗe ta da ƙarfi, gobe ka sake, har bakinka ya saba. Gwada yanzu, kafin ka naɗe takardar nan.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka baki.

Kawunka mai ƙaunarka,
Habibu