Abin da Malam Ya Faɗa wa Baƙonsa

Yaya Hauwa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara a Mubi. Mu ma nan Garwa lafiya, sai dai kaina a ɗaure yake tun ranar Lahadi.

Ranar maigidana Malam ya zo da abokin aikinsa na duwan, wato kwastan, mutumin Bamenda, ya ce in kawo fura da kaina in gaishe shi. Ban taɓa fita gaban baƙonsa ba. Bawan Allah ya ga ana cire takalmi, sai ya cire nasa ya bar su a tsakiyar ƙofa. Ni kuma ƙwarya a gabana, mayafi ya rufe min rabin fuska. Na yi tuntuɓe, furar ta malale a tabarma.

Malam ya yi dariya, ya ce wa baƙon da Ingilishi wai ni clumsy ce.

Bai san ina ji ba. A saninsa ɗan Faransancin da na koya a lakwal, makarantar boko, kaɗai gare ni. Kin tuna ranar da na tambaye ki kalmar nan a ɗakin Inna? Kika ce, "Mai sakakken hannu ke nan, abin da ya ɗauka sai ya faɗi, inda ya bi sai ya yi karo."

A littattafan soyayya na Ingilishi da kike aiko min ta hannun fataken Mayo-Oulo, wadda aka kira haka ita ake aura a ƙarshe. Ta zubar wa likita shayi a riga, ya faɗa mata yana murmushi. Amma ita a fuskarta aka faɗa. Ni ga wani aka faɗa, da harshen da ake zaton ba na ji.

Ko don kada baƙo ya ji kunyar takalminsa ne? Ko haka yake ganina tun da aka kawo ni? Da baƙon ya tafi, shi da kansa ya naɗe tabarmar ya kai bakin rijiya. Wannan ma ban san fassararsa ba.

In na tambaye shi, zai tambaye ni ina na koya, littattafan kuwa suna ƙasan akwati, bai taɓa ganinsu ba. Ina tsoron ya raba ni da su, Yaya. Su ne hirata da ke.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ya raya miki zuri'a.

Gobe in ya dawo daga aiki zan gaya masa na ji.

Taki ƙanwa,
Asma'u