Zancen Fitsari a Rumfar Dankali

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba a kai wasiƙa inda kake, amma bakina ya cika, kuma maganar taka ce.

Gida lafiya. Inna tana nan tana fama da gwiwa. Ina riƙe da rumfarka ta kasuwar Farin Gada, dankali ya yi kyau bana. Kasuwar Terminus kuwa, tun da ta ƙone har yau kango ce.

Ka tuna ranar da ka dawo daga asibiti, aka ce ciwon dajin ya riga ya shiga ƙashi? Ni ne ɗanka na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinka ba, sai dai "wancan", ko ka aiko ƙanena da saƙo alhali ga ni tsaye. Amma ran nan ka zaunar da ni a kan buhu, kana kallon ƙasa, ka gaya mini yadda fitsari ya daɗe yana yi maka gardama kana ɓoyewa. Ka ce abin yakan bi dangi, kada in jira. Gumi kake yi, a sanyin Jos! Ni ma na rasa inda zan sa kaina.

Na je asibiti, Baba. Gwajin jini ya sa suka ce sai an ɗebi nama. Da wata na'ura mai nuna hoton ciki suka riƙa ganin inda allura za ta bi, ta hanyar da ba zan rubuta maka ba. Suka ciro nama siriri kamar zare daga ƙullin da ke ƙasan mafitsara. Ashe shi ma ciwon tantance shi ake yi, yadda kake ware dankali: a duba a madubin likita, a ba shi maki. Naka tara ne, mai gudu. Na ji tsoro ƙwarai, ga ƙaramar 'yata ko yaye ta ba a yi ba.

Nawa shida ne. Mai tafiyar hawainiya, kuma bai fita ko'ina ba. Bayan Sallah za a yi mini aiki.

Yaya aka yi ka iya furta maganar nan? Da ka riƙe kunyarka ka tafi da ita, ba wanda zai ga laifinka, ni kuma da ina nan ina ɗaga buhu da shi a jikina ban sani ba. Na gode, Baba. Allah ya kai haske kabarinka.

Ɗanka,
Habu