Addu'ar Baba da Ido Rufe

Madarumfa, 14 ga Mayu, 1972

Zuwa ga yayana Daniyel, a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, ina fata kana lafiya, kai da Abigail da yara. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu ma lafiya lau, Inna tana nan da faɗanta, alamar da sauran ƙarfi.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san shi ke rufe sujada da addu'a, a tsaye, ido rufe, tun ba a haife mu ba. To, Lahadi biyu a jere, yana rufe ido sai tangaɗi, sai ƙasa. Da ido buɗe kuwa har bakin tabki yake zuwa. Nan da nan aka fara raɗe-raɗin wai yana shan burkutu a ɓoye, har amininsa Kalebu ya ce a sauke shi daga dattawan ikilisiya. Yaya, wannan magana ta ƙona mini rai.

Na kai shi asibiti a Maradi. Lokotoro, wato likita, ya ƙwanƙwasa masa gwiwa da 'yar guduma, ƙafar ko motsi. Ya sa shi ya rufe ido, ya lanƙwasa masa babban yatsan ƙafa, ya tambaye shi ko sama ya yi ko ƙasa, Baba bai sani ba. Ya bayyana mana cewa cikin tsoka akwai wasu 'yan zare-zare masu jin yadda ta miƙe, su aika saƙo ta jijiya, ƙwaƙwalwa ta gane inda ƙafa take ba sai an duba ba. Wannan saƙon ne ya daina isa, ido kaɗai ke riƙe da Baba. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Lokotoro ya ce ya riƙa addu'a ido buɗe, ko a zaune. Ka san Baba da taurin kai, wai shi ba ya kallon mutane yana magana da Allah, gara ya bar wa wani aikin. Inna kuwa ta yafa gyale ta je ta zazzage wa Kalebu duk abin da lokotoro ya faɗa, ban tambaye ta da wace murya ba.

Ran Lahadi Baba ya miƙe don ya ajiye aikin. Sai Kalebu ya fito ya tsaya gefensa, ya kama damtsensa, ya ce, "Rufe idonka, Toma, ina nan." Baba ya rufe. Addu'ar ta yi tsawonta na kullum, Kalebu bai sake shi ba har aka ce amin.

Ka gaida Abigail da ƙaramin Haruna. Inna da Goggo Atika suna gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Dinatu